Bikin marubuta barkwanci ko gwaji a gida Zariya: ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Duk lokacin da sanarwar wani bikin marubuta barkwanci ta fara yawo a WhatsApp, tambaya ɗaya ce ke biyo bayanta a majalisun matasan Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada: a je ne, ko a riƙe kuɗin? Amsata ba mai daɗin ji ba ce. Ga mafi yawan masu wannan tambaya, zuwan bai kai kuɗinsa ba. Ga 'yan tsiraru kuwa ya kai har ya wuce. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan ba baiwa ba ce, ba kuma kaurin aljihu ba ne. Kana da rubutun da ka kammala a hannu, ko kuwa labarin yana cikin kanka tukuna?

Kafin a kai can, ya kamata a san irin bikin da ake magana a kai, domin abubuwa biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai bikin kallo, inda masu ban dariya ke hawa dandamali kai kuma ka sayi tikiti ka zauna. Babbansu a duniya shi ne na Edinbara a ƙasar Sikotland, wanda ya samo asali a 1947 lokacin da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo takwas suka je wani biki ba tare da an gayyace su ba, suka yi nasu a gefe. Har yau duk watan Agusta ake yinsa, kusan mako uku, kuma mai wasa shi ke biyan kuɗin zaure da masauki daga aljihunsa. Akwai Just for Laughs na birnin Mantiriyal a Kanada, da aka fara a 1983. Sai kuma bikin rubutu, inda ake zama da takarda da biro, kamar taron marubuta raha na Erma Bombeck da Jami'ar Dayton ta jihar Ohayo a Amurka ke shiryawa tun shekarar 2000. Mutane da yawa suna biyan kuɗin na farko suna zaton na biyu suka saya.

Mu a nan gida, barkwanci yakan shigo ne ta cikin bukukuwan littattafai da na fina-finai: zama ɗaya ko biyu a cikin jadawalin kwana uku. Bikin littattafai na Ake ya fara a Abeokuta a 2013 kafin ya koma Legas. Bikin littattafai na KABAFEST ya fara a Kaduna a 2017. Bikin littattafai da fasahohin Hausa na HIBAF ya fara a Kaduna a 2021. Kano tana da KILAF na fina-finan harsunan Afirka, Abuja tana da bikin fina-finai na Zuma, ƙungiyar marubuta ta ANA kuma tana babban taronta duk shekara. Idan ka ga an ce "bikin marubuta barkwanci" tsantsa, to ka fara duba jadawalin: awa nawa aka ware wa rubutu, awa nawa aka ware wa jawabin babban baƙo da rabon lambar yabo?

Kuɗin rajista shi ne ƙaramin abin da za ka kashe, kuma shi kaɗai ake rubutawa a jikin fosta. Sauran suna ɓoye: kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci sau uku a garin da ba ka da tukunya, Keke Napep ko tasi daga masauki zuwa zaure, buga rubutunka a takarda, da ranakun da shagonka zai kwana a kulle ko laccar da za ta wuce ka. Kada ka manta da sabon ɗinki, don ba wanda ke yarda ya je gaban manyan 'yan fim da tsohuwar shadda, sannan ga tsarabar da yara ke jira. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, duk wani lissafin tafiya da aka yi da tsohon farashi ya zama tatsuniya.

Nisa shi ke yanke hukunci a nan. Kaduna tana kusan kilomita 80 daga Zariya, kana iya hawa mota a Kwangila da safe ka dawo ka kwana a ɗakinka, wato babu kuɗin masauki ko kaɗan. Kano ta kai wajen ninki biyu na haka, amma da wuya a sami Bazazzagin da ba shi da ɗan'uwa ko abokin makaranta da zai ba shi tabarma a can. Abuja ta fara cin kuɗi: mota zuwa Kaduna, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, sannan masaukin Abuja da kowa ya san halinsa. Legas kuwa yini guda ne cur a mota, wani lokaci har da dare, ko kuma ka nemi jirgin sama ta Kaduna ko Kano. Ƙasar waje wani babi ne daban. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun watan Satumbar 2025. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, ta Ingila ta haura fam 100, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Duk wannan kafin a zo maganar jirgi.

Mu ƙaddara, don a sami abin aunawa, cewa tafiyar kwana uku ta kama naira 150,000 duka-duka. Kai ka sa naka adadin a madadinsa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, ke nan ana maganar gumin fiye da wata biyu. To me za ka samu a madadinsa, kuma me wannan kuɗin zai yi maka in ka kashe shi a cikin Zariya?

Abin da masu shirya biki suka fi tallatawa shi ne karatu, kuma shi ne mafi araha a cikin hajarsu. Ƙa'idojin rubutun ban dariya ba su da yawa. Ka shimfiɗa wa mai sauraro hanya har ya ɗauka ya san inda za ta ɓulle, sai ka juya. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ta zo a ƙarshen jimla, kada ka ƙara komai bayanta. Abu biyu su kafa tsari, na uku ya rushe shi. Abin da aka yi wa dariya a farkon wasa a dawo da shi can gaba lokacin da aka manta. Ɗan wasa ya kasance yana da wata larura ta hali, rowa ko ƙarya ko son girma, wadda shi bai san yana da ita ba. A shiga fitowa a makare, a fita da wuri. Duk wannan yana YouTube kyauta, da misalai, kana iya tsayarwa ka maimaita sau goma. A zaure mai mutum ɗari biyu ba za ka iya tsayar da malami ba, kuma sau da yawa fitaccen ɗan wasan da aka gayyato ba malami ba ne. Zai ba ku tarihin yadda ya sha wahala kafin ya shahara, a yi tafi, a ɗauki hoto, lokaci ya ƙare.

Bahaushe ma bai jira wani biki ya koya masa waɗannan ba. Yaran da ke tashe daga goma ga watan azumi sun san inda ake dakatawa a bar masu gida su yi dariya kafin a ci gaba. 'Yan kama sun san yadda ake ɗaukar muryar karatu mai nauyi a ɗora ta a kan tuwo da miya, kuma wannan saɓanin tsakanin murya da magana shi ne injin da ke tuƙa rabin barkwancin duniya. A garin nan Abubakar Imam ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, wanda duk mai son ya ga yadda ake gina wauta hawa-hawa zai iya ɗauka ya zauna da fensir yana alama. Idan karatu kaɗai kake nema, gida ya yi nasara tun kafin a fara.

Satifiket kuma kada ma a sa shi a lissafi. Ba furodusan da ke tambayar takardar shaidar ban dariya.

Abu na biyu shi ne wanda ya cancanci kuɗi, in har akwai shi: a karanta rubutunka da ƙarfi a gaban mutanen da ba su san ka ba, sannan wani gwani ya zauna da kai a kan shafukan. Barkwanci ba ya tabbata a takarda. Layin da ya sa ka dariya kai kaɗai da tsakar dare yana iya faɗuwa ƙasa warwas idan wani ya furta shi, wani layin kuma da ka sa don cike gurbi ya tayar da zaure. Minti goma na irin wannan karatu yana koya maka abin da wata shida na kallon bidiyo ba zai koya maka ba. Gwani kuma yana ganin abin da abokinka ba ya gani. Zai ce maka dariyarka ta farko ba ta zo ba sai a shafi na huɗu, mai kallo ya riga ya tafi. Zai ce 'yan wasanka uku duk murya ɗaya suke magana da ita, wato taka. Zai ce wannan fitowar ta ƙare tun a tsakiya, sauran duk jan rai ne.

Amma wannan yana aiki ne ga mai rubutu a hannu. Wanda ya je da "ina da wani labari a kaina" tamkar wanda ya je wurin mai injin niƙa ne bai ɗauko hatsi ba: zai sha ƙara, ya kwaso ƙura, ya dawo da buhu wayam.

Sai abu na uku, mutane. Nan ne ake yawan yaudarar kai. Gaskiya ne sana'ar nan ta sanayya ce, kuma zuwa da kai ya fi aike. Tambayar ita ce, su wa ke sayen barkwancin Hausa, kuma ina suke zama? Furodusoshin Kannywood da ofisoshinsu suka cika Zoo Road a Kano. Tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014 kuma ta nuna cewa shirin barkwanci mai dogon zango irin Gidan Badamasi yana iya riƙe masu kallo zango bayan zango. Masu tashoshin YouTube da ke buƙatar sabon labari duk mako. Gidajen rediyon Kaduna da Kano da Zariya. Ƙungiyoyin wayar da kai da ke son a isar da saƙon rigakafi ko tsafta cikin raha. 'Yan kasuwar da ke son talla mai ban dariya. Kusan dukkansu suna cikin tafiyar awa biyu zuwa uku daga Kwangila. Wanda ya ɗauki kuɗinsa ya tafi Legas zai haɗu da masu sayen barkwancin Turanci da Burokin, kuma in ba da su yake rubutu ba, lambobin wayar da ya tara ba za su ɗaga ba. Ko a bikin kusa ma, gaisawa da babban darakta a bakin ƙofa, mutum ashirin suna jiran hoto, ba sanayya ba ce. Sanayyar da ke haifar da aiki yawanci da tsaranka ake ƙulla ta: wani matashin darakta daga Jos da ke neman marubuci, wata mai gyaran hoto daga Kaduna, wanda kuka raba farantin shinkafa da shi kuka yi musayar rubutu.

Maganar harshe ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Tsarin labari yana ƙetare iyaka, amma dariya tana da gida. Ka rubuta fitowar da Bakano ya zo neman aure cikin birnin Zariya, surukinsa ya buɗe baki da Zazzagancin da ba ruwansa da bambanta mace da namiji, Bakanon yana danne dariya don kada a fasa ba shi. Kowane Bahaushe ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi, ya san nauyin zama gaban suruki, ya san dalilin da ya sa dariya a wannan wurin masifa ce. Ba sai ka yi bayani ba. Ka kai wannan fitowar teburin da ba mai jin Hausa, sai ka fassara, sannan ka yi bayanin wasan ƙabilu, sannan ka yi bayanin kunya, kafin ka gama dariyar ta mutu. Gwanin zai ba ka shawara da zuciya ɗaya, amma a kan abin da ya ji, ba abin da ka rubuta ba. Habaici da gatse da zambo da wasan taubasai da na jika da kaka, duk haka suke. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, ya gina shekaru na dariya a kan Hausar bariki, wadda in aka juya ta zuwa wani harshe ba abin da zai rage sai soja mai tsawa.

Akwai kuma iyakoki. Malamin da ya taso a inda ake cewa barkwanci ba shi da shinge zai ƙarfafa ka ka taɓa duk abin da ka ga dama, shi kuma ya hau jirgi ya koma gida. Kai ne za ka zauna da masallacin unguwa da fada da hukuma. Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001. An taɓa ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008, yana kan ganiyarsa. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Ko me mutum yake gani game da waɗannan hukunce-hukunce, marubuci yana buƙatar sanin inda ramin yake. Zama ɗaya da lauya ko tsohon furodusa da ya san yadda ake faɗin magana mai zafi ba tare da an kama suna ba ya fi maka amfani a kan lacca uku daga wanda bai taɓa jin sunan hukumar ba. Irin wannan zama a bikin kusa ake samunsa.

Kada a ce na rufe ido ga abin da na nesa suka fi mu. Sun fi mu ɗaukar marubuci da daraja, kuma ganin hakan da ido yana canza mutum. Barkwancinmu ya daɗe yana tafiya a kan a ba ɗan wasa gundarin labari a lokeshan, a kunna kyamara, a bar shi da baiwarsa. In an dace da irin su Ibro ko marigayi Kasimu Yero, ɗan garin nan, abin yakan yi armashi. In ba a dace ba, sai a koma ihu da guje-guje da duka, fitowar minti biyu ta kai minti goma sha biyu. A wuraren da sana'ar ta kafu, marubuta biyar ko shida ke zama ɗaki ɗaya suna yi wa layi guda kwaskwarima har sai ya yi kaifi, ana sake rubuta kashi ɗaya sau da yawa kafin a kira ɗan wasa. Sun kuma san takarda: yarjejeniya, sunan marubuci a jikin shiri, nawa za a biya a farko, nawa in an sake haskawa. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma marubucinmu har yau yakan miƙa labarin kashi goma sha uku a kan "za mu yi magana". Bikin da ke da zama a kan yarjejeniya da farashi, ko da Turanci ake yinsa, yana iya mayar maka da kuɗinka a aikin farko da ka ƙi sayarwa da araha. Sai dai wannan riba ce ta wanda ya riga ya fara sayarwa.

Yanzu a juyo gida da naira 150,000 ɗin nan. Zariya ba garin da za a raina ba ne a wannan fage. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen wasan kwaikwayo a Samaru, da dandalinsa na ginin ƙasa da aka yi a tsakiyar shekarun 1970, wanda ake kira Drama Village. Daga nan malamai da ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo suna haɗa wasa tare da manoma, a gwada a gaban jama'a, a gyara, a sake gwadawa. Wato hanyar da ake biyan kuɗi a je koyo a wani gari, an daɗe ana yinta a bayan gidanmu. Duk zangon karatu akwai ɗaliban da ke neman inda za su motsa jiki, ga na harabar jami'ar da ke Kongo, ga na kwalejin Nuhu Bamalli, ga na makarantar horar da malamai ta Gyallesu.

Ka nemi mutum huɗu ko biyar masu iya karatu da murya. Ku sa rana ɗaya a mako. Kai ka ɗauki nauyin buga takardu, kuɗin abin hawansu, da shayi da burodi. Su karanta, kai ka yi shiru, kada ka yi bayani, kada ka kare kanka, ka riƙe biro kana sa alama inda aka yi dariya da inda aka duba waya. Ka koma ka gyara, mako mai zuwa a sake. Bayan wata biyu ka nemi aji ko ƙaramin zaure, ka tara mutum talatin, a yi wasan. Ka sa waya ɗaya ta fuskanci masu kallo maimakon 'yan wasa, don fuskokinsu su ne sakamakon jarrabawarka. Abin da ya rage na kuɗin ka sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, domin mai kallo yana yafe hoto mai duhu amma ba ya yafe muryar da ba ya ji. Ka fitar da gajerun bidiyo uku ko huɗu. A ƙarshe kana da rubutun da aka gwada, 'yan wasan da suka san muryarka, da abin nunawa. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, ko kuwa mabiya 1,000 da kallon gajerun bidiyo sau miliyan 10 cikin kwana 90, saboda haka kada ka sa ran riba nan kusa, amma aƙalla ka fara ƙirga.

Wannan hanya tana da nata ciwon, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko kara. Abokinka zai yi dariya don kada ka ji kunya, ƙaninka zai yi don kai ka sayi shayin. Maganinsa shi ne ka kai wasan inda ba a san ka ba: in kai ɗan cikin birni ne ka gwada a Samaru, in ɗan Samaru ne ka gangara Tudun Wada. Na biyu, ba mai tsare ka. Biki yana da ranar rufe karɓar rubutu, kuma kuɗin da ka biya yana hana ka barci har sai ka gama. Zaman gida kuwa yakan watse da zarar an yi biki ɗaya a dangi ko jarrabawa ta matso. Na uku, ba ya buɗe sabuwar ƙofa. Kana iya ƙwarewa sosai a Hanwa ba wanda ya sani a Zoo Road. Wannan na ukun shi ne ainihin hujjar zuwa biki, kuma hujja ce da ke zuwa bayan an yi aikin gida.

Kwas na intanet yana tsakiya, ba zan daɗe a kansa ba. In bidiyo ne kawai aka naɗa ake sayarwa, bai fi na kyauta ba. In akwai malamin da zai karanta shafukanka ya mayar maka da gyara, to ya fi lacca a zaure, kuma ba kuɗin mota. Matsalarsa dala, da wuta, da netuwok, da kuma maganar harshen nan da ba ta kau ba.

Ga 'yan'uwa mata lissafin ya ɗan bambanta. Da yawa daga masu sa mutane dariya a rubuce a yau mata ne, a littattafan da ake bi kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, kuma suna da abin da mai zuwa biki ke nema: masu karatu da ke mayar da martani a daren da aka saki shafi. Tafiyar kwana kuwa tana buƙatar izinin gida, sau da yawa da ɗan rakiya, kuɗi ya ninka ke nan. Bikin yini ɗaya a Kaduna, ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki mota, ya fi dacewa. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ba a biyan kuɗin shiga, tana ba ki ranar rufewa da alƙalan da ba su san ki ba, kuma ba inda aka ce gajeren labari sai ya sa kuka.

In ka auna duka ka ga zuwa za ka yi, ka kira masu shiryawa kafin ka tura ko naira. Tambayoyin ba su da yawa. "Ranka ya daɗe, wa zai karanta rubutuna, kuma minti nawa zan samu da shi? Mu nawa ne a aji? Da wane harshe za a yi? In na kawo rubutun Hausa akwai mai karantawa?" In amsar ita ce "kai dai ka zo, Malam, manya duk za su halarta", ka riƙe kuɗinka. Ka duba ko waɗanda aka lissafa a fosta sun sanar da zuwansu a shafukansu, domin sa hoton tauraro bai fi ƙarfin kowa ba. Ka nemi wanda ya je na bara ka tambaye shi me ya rubuta tun dawowarsa. Ka lura ko asusun da za a biya na ƙungiya ne ko na wani mutum. Ka tambayi abin da zai faru da kuɗinka in an ɗage, don ko Just for Laughs da girmansa ya soke bikinsa a watan Maris na 2024 saboda bashi. Sannan ka nemi ƙofar da ba ta cin kuɗi: bukukuwa da yawa suna ɗaukar masu aikin sa kai, ka jera kujeru ka raka baƙi, ka shiga kyauta, kuma kai ne za ka zauna da babban baƙo a mota lokacin da masu tikiti ke layin hoto. Ɗalibi ya tambaya a sashensu ko za a tafi a ƙungiyance.

Ɗalibin da bai taɓa kammala rubutu ba ya zauna gida, ko ya je na Kaduna na yini ɗaya don buɗe ido, da sharaɗin kuɗin bai taɓa na makaranta ba. Mai gajerun bidiyo da ya fara tara mabiya amma labaransa suka fara maimaita kansu ya fi buƙatar abokin rubutu a kan biki, ya sa kuɗin a nan. Wanda ke da kashi biyu ko uku na shiri mai dogon zango, an karanta an gyara, shi ne mutumin da biki ya dace da shi, kuma Kano ko Kaduna zai nufa kafin Abuja. Legas sai in yana rubutu da Turanci ko Burokin, ko kuwa maganar yarjejeniya da kasuwar manhajojin kallo ce ta kai shi. Ƙasar waje kuwa sai in gayyata ce ko tallafi, wani ya biya jirgi. Bashi ko sayar da waya ko taɓa jarin shago don zuwa kowanne daga cikinsu ban ga hujjarsa ba.

Shi wannan da zai tafi, ya buga shafi goma na farko kwafi uku ko huɗu, da sunansa da lambarsa a kan kowane shafi, don takardu suna rabuwa. Ya tura wa kansa cikakken rubutun ta imel kafin ya tashi, saboda ranar da ke jiki shaida ce in an wayi gari an ga labarinsa a tashar wani. Ya iya faɗin labarin cikin jimla biyu ba tare da "wato ka gane" ba. Ya sauke bidiyonsa mafi kyau na minti biyu a cikin waya, kada ya dogara da netuwok ɗin zaure. Cikakken rubutu kuma kada ya bar hannunsa sai an yi magana a rubuce. Duk wanda ya karɓi lambarsa, ya tura masa saƙo cikin mako guda da dawowa, ya ambaci abin da suka tattauna, ya haɗa da shafukan da ya gyara.